Injin Yayana

Yayana kafinta ne a Kalgo, kuma a ƙarshen shekarun 1980 ya sayo tsohon injin da ke juya katako, wanda ake fiƙe ƙafafun gado da na tebur da shi. Na baro Gwandu na zo muna aiki tare, lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu.

Ranar da za mu girka injin ya tsaya a miƙe, ya lanƙwasa hannu, ya ce in auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunsa. A nan ya kamata tsinin da ke riƙe katako ya tsaya. In ya wuce haka kafaɗa za ta gaji, in ya gaza baya ne zai biya. Yayan nawa dogo ne sosai, sai da muka jera bulo uku a ƙarƙashin kowace ƙafar injin. Ni kuwa a kan wani guntun katako nake tsayawa idan aiki ya zo kaina.

Shekara huɗu muna haka. Wata safiya bayan damina ya kashe injin, ya ce na taɓa masa shi, ya ƙara tsawo. Na rantse ban taɓa ba. Ya ce to ƙasa ce ta kumbura da ruwa. Muka cire bulo ɗaya, ya ci gaba da aiki.

Kafin azumi ya sake cewa a cire wani. Wannan karon bai zargi kowa ba, bai kuma dube ni ba. Da na zo aiki na ga ba na bukatar katakon da nake takawa, sai na jingine shi a bayan rumfa. Na fara lura da shi a masallaci. Da can kaina a kafaɗarsa yake tsayawa, yanzu kunnena daidai nasa. Gaban rigarsa yana jan ƙasa.

Matarsa ta tare ni a zaure da na je kai cefane. Ta ce ba ya iya kwanciya rigingine, kuma akwai wani ƙullutu a tsakiyar bayansa da ya hana ta faɗa wa kowa.

Na yi kwana uku ina neman bakin magana. A rana ta huɗu yana fiƙe ƙafar gadon wani mutumin Diggi, ƙarfen da yake fiƙewa da shi ya kuɓuce masa, katakon maɗacin ya yi tsalle ya bugi kwanon rumfa. Ya dafa injin.

Na ce, "Yaya, mu tafi asibiti."

 Ya ce, "Tun jiya ba ni jin yatsun ƙafata."

Likita ya ce ciwo ne ya ci ƙashin baya, kuma mun makara. Muka shimfiɗa masa katifa a bayan a-kori-kura zuwa Gwandu, wajen mahaifiyarmu. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya damƙe hannuna. A hanya ya ce in gama gadon mutumin nan, ƙafa ɗaya ce ta rage.

Bai kai kaka ba. Na fiƙe ƙafar ta huɗu sau uku, ba ta fito daidai da nasa ba. Mai gadon ya juya ta a hannu, ya yi mini ta'aziyya, ya ɗaure kayansa a keke.