Filibus da Mai Gadin Famfo

Filibus ɗan Damagaram ne, amma rabin rayuwarsa a Arlit ya yi ta. Da ƙuruciya ya zo aikin kwamfuta a wani kamfanin ma'adinai, da kasuwar uraniyom ta faɗi aka sallame shi. Abokansa suka ɗaure kaya suka koma gida, shi ko ya ce ina! Matarsa Dinatu na tuyar ƙosai a bakin tasha, ranar Lahadi shi ke jan waƙa a ɗan cocinsu da muryar nan tasa mai kama da ƙarar tsohon kamiyo, babbar motar kaya, me ya rage masa? Ya buɗe rumfar gyara, yana cin tuwonsa hankali kwance.

Shekarar da tawaye ya hana motoci bin hanya yadda suka saba, masu gyara suka daina zuwa daga nesa, sai masu lambu na bayan gari suka damƙa masa kwamfutar da ke kunna musu famfon rijiya. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe da Filibus ke kira mai gadi. Dole kwamfutar ta riƙa taɓa shi a kai a kai, in ta yi shiru har wa'adi ya wuce, sai ya kashe ta ya tayar da ita daga farko. To ita kuwa in rana ta take nauyi take yi, mai gadin ya yi ta katse ta a banza. Filibus, sarkin tausayi, ya ce bari a ƙara wa baiwar Allah wa'adi. Ya mai da shi minti biyar, ya tafi abinsa.

Ashe ɓarna ya yi. Bayan 'yan kwanaki sai ga tsoho Rhissa, ɗaya daga cikin masu lambun, a bakin rumfa, rawani duk ƙasa. Fari ya riga ya cinye masa raƙuma, lambun nan kaɗai ya rage masa.

"Malam Filibus, famfo ya haukace. Ya tashi, ya mutu, ya tashi. Tumatir ɗina ya kwanta. In ya bushe, sai in kwashi iyali mu bi hanyar Aljeriya."

Filibus ya miƙe zumbur, don kowa ya san akwai nakiya a hanyar nan.

Ya tayar da babur ɗinsa. "Baba, hau moto mu je."

A ɗakin injin ya zauna, gumi har cikin takalmi, yana bin ɗan rubutun umarnin da ke kai saƙo tsakanin kwamfuta da mai gadin, layi bayan layi. Can ya dafe kai. Ƙirgen mai gadin bai wuce daƙiƙa ɗari biyu da hamsin da biyar ba. Abin da ya haura haka, sai an ce masa ya koma ƙirga mintoci. Shi kuwa rubutun bai san wannan ba, tura lambar kawai yake, ta zube kamar an juye tulu a kofin shayi. Minti biyar ɗin nan ya koma ƙasa da minti ɗaya! Wallahi wanda ya rubuta abin nan bai taɓa shan ranar Arlit ba.

Filibus ya gyara: in wa'adi ya yi tsawo a koma mintoci, in ya fi ƙarfin mai gadin a fito fili a ce ba zai yiwu ba. Ya kunna. Suka tsaya suna saurare har rana ta karkata, famfo bai ko yi tari ba.

Ruwa ya bi kwalbati ya shiga lambu. Fangali biyu na ƙarshe sun riga sun ƙone, Filibus ya tsaya a kansu, kunya ta hana shi ɗaga ido. Rhissa ya tsugunna, ya tura hannu cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar sauran. Sannan ya ɗago ya kwaɗa wa matarsa kira, ya ce ta kwance kayan da ta ɗaure, ta ɗora wa Malam shayi.