Cibiyar Kailu

Ranar da Kailu ya fara shiga tabkin garinmu a gaban jama'a, laka ta riƙe masa wando. Ya fito da tazuge a hannu, ga maigari, ga surukarsa Tambara a sahun gaba da tulu bisa kai. Sai ya koma cikin ruwa ya tsuguna har aka aiko masa da zanen matarsa Dijatu.

Zamanin soja ne, bayan babban fari, da aka ce kowa ya kama noman rani. Masu garka, wato lambu, na ɗiba, makiyaya na shayarwa, masu tubali na kwaɓa. A tsakiyar tabkin akwai ɗan tsibiri inda gauraka biyu, na ƙarshe a duk yankin, ke ƙyanƙyashe. In ruwa ya ja, karnuka da dila su taka su cinye 'ya'yan.

Aka kafa sanda, aka yi mata alama: in ruwa ya sauka nan, a daina ɗiba sai na sha. Masu garka suka soka ta ƙasa, makiyaya suka ɗago ta. Kailu, gajere kamar turmi, ya ce, "Ku auna da ni. Ni dai ba mai gusar da cibiyata."

Tun daga ranar, duk ran kasuwar Filinge da safe, yakan shiga ya tsaya bisa wani dutse. In cibiya ta leƙo, guga ya huta, a koma rijiya. Shekarar da ta leƙo da wuri, albasarsa ce ta fara bushewa, bai ko rage tsawo ba. Soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya, yana shiga. Yau in gauraki suka tashi, sai yara su gaji da nuni. Mu ma mun sha, don tabkin bai sake ƙafewa kafin ƙarshen lokacin ɗari ba. Allah ya saka masa.

Bara, taubashinsa Lawali ya tare shi a bakin ruwa. "Mai cibiya, a kawo zanen Dijatu ko ka ɗaure da kyau?"

Kailu ya dubi tsibirin, ya dube shi. "Ni wando guda na bari, ga abin da ya haifa. Kai da naka bai taɓa faɗuwa ba, mi ka tsare muna?"