Sunan da Bara'atu Ta Haɗiye

A wata ruga bayan garin Zakka aka haifi Bara'atu, zamanin Bature yana karɓar jangali, kuma tun tana 'yar mitsitsiya aka fara yabonta da rashin kuka. Ƙaya ta soke ta, ta cije leɓe. Saniya ta taka mata ƙafa, ta ja ƙafarta ta koma gefe. Sai manya su gyaɗa kai su ce, "Wagga yarinya akwai kunya." Ba a taɓa samun wanda ya tsuguna ya tambaye ta ko da zafi ba. Yabo dai suka iya, don yabo ba ya cin komai a jikin mai yin sa.

Ta auri Hamma, wani makiyayi mai 'yar gona a Darini, ta haifi ɗa namiji aka sa masa Salmanu. To, al'adar mutanenta ita ce uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban jama'a, ba ta nuna ta damu da shi. Da aka yaye shi, uwar mijinta, wadda kowa ke ce wa Kaka, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Daga nan in magana ta kama dole, sai Bara'atu ta ce "ɗan Kaka". Sauran mata suna 'yan dabarunsu, in ido ya kau su rungume nasu a bayan rumbu. Ita kuwa an riga an ɗora mata suna, ita ce abin misali a garin, ta ya za ta yi?

Ba wai ba ta son yaron ba ne. Tana son sa har tana jin abin a haƙarƙarinta. Kindirmon da ya fi kyau, shi take ajiyewa a ƙofar Kaka ta ce ragowar talla ne. Shekarar da aka sami mulkin kai, ƙyanda ta kwantar da shi, ana ta kiɗa a Batsari, ita kuwa ta jawo turmi kusa da ɗakin Kaka ta yini tana dakan geron da ba a bukata, don kawai ta riƙa jin numfashinsa ta cikin zana. Da ya warke, ta mayar da turminta inda yake.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya, ƙwarya a ka, daga Darini zuwa kasuwar Batsari da fura da nono. Ta haifi mata biyu, suka yi aure nesa. Sai fari ya zo ya share shanun. Kaka ta rasu, Hamma ya bi ta ba da daɗewa ba. A lokacin ne kuma aka ce ƙasa ta yi arzikin mai, manyan motoci suka cika hanya da siminti, samari suka ajiye sanda suka bi su. Salmanu ya zama cikakken saurayi, ya sami aikin yaron mota. Ranar tafiya ya tsaya a bakin ɗakinta.

"Inna, zan tahi."

Ta juya masa baya, tana gyara faifai a kan ƙwarya. Bakinta ya cika da magana. Abin da ya fito shi ne, "Allah shi kiyaye hanya."

Ƙanenta Jafaru ne ya kawo mata labarin, bayan damina. Motar ta faɗi a wata gada can kudu, an binne shi a can. Ta ce innalillahi, ta ci gaba da kaɗa nonon da ke gabanta, don hannun bai san abin da zai yi ba in ya tsaya.

Kai, ka ga matan Darini a zaman makokin nan! Kamar an kawo musu kallo. Turai, maƙwabciyarta, wadda ko akuyarta ta mutu sai unguwa ta ji, ita ce kan gaba. "Kun ga mace? Ko ɗigon hawaye! Wannan ita ce mai haƙuri." Har 'ya'yanta ta jawo su zo su koyi hali. Suka ci dambu, suka yabe ta, suka kakkaɓe zane suka tafi, kowace tana jin ta sauke nauyi.

Daga nan Bara'atu ta fara ƙarewa a gaban idonsu. Barci ya ƙaurace mata. Tuwo ya daina wucewa. Wata rana ta isa kasuwa ta sauke ƙwarya, ashe ba ta zuba komai a ciki ba. Wuyanta ya zama kamar kara. Amma in an ce, "Ina kwana, Bara'atu?" ta ce, "Lahiya lau," sai mai gaisuwa ya wuce da ransa fari. Garin nan kaf ya ga tana mutuwa, kuma garin nan kaf ya sa wa abin suna haƙuri.

Ana nan, wata ranar kasuwa, sai ga Landiroba ta gwamnati da lasifika a kanta ta tsaya kusa da 'yan nono. Wanda ya fito Armaya'u ne, malamin tsafta, da aka tura kwas birni ya dawo da tabarau da wata sabuwar kalma a baki: lafiyar ƙwaƙwalwa. Da ya faɗe ta, wani mahauci ya ɗaga murya ya ce tasa ƙwaƙwalwar ta yau ce, ta sa mai ƙiba, a zo a taya. Aka yi dariya. Armaya'u ya murtuke, ya duba agogo, ya fara zubo abin da ya haddace kamar ɗan makaranta.

"Jama'a! Damuwa ciwo ce kamar zazzaɓi. Gwamnati tana son kowa ya zauna da hankali kwance. Wanda ya rasa nasa, kada ya haɗiye. Ya yi kuka, ya ambaci wanda ya rasa, ya faɗa wa 'yan'uwa abin da ke ransa."

Maganar gaskiya ce, abin haushin ke nan. Shi mai faɗin bai san ma'anarta ba, hankalinsa yana kan kajin da aka yi masa alkawari a gidan wani attajiri. Masu ciniki ba su fasa ciniki ba. A duk faɗin kasuwar nan mutum ɗaya ce ta saurara, kuma tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa gaya mata haka, balle da lasifika.

Bara'atu ta ajiye ludayi. Ta miƙe. Ta buɗe baki, sunan ya maƙale, don harshen bai taɓa ɗaukarsa ba. Ta sake gwadawa.

"Salmanu."

Sai kuma da ƙarfi, har muryar ta tsage: "Salmanu! Salmanu, ɗana!" Hawaye ya ɓalle. Ta durƙushe a tsakanin ƙore tana kuka irin na wanda aka tsare shekara da shekaru.

Turai ta dafe ƙirji. "Uwa ta kira sunan ɗan fari a bainar jama'a? Wallahi iska ce ta shige ta!"

Armaya'u kuwa, da ya ga an taru, sai ya ji daɗi. Ya nuna ta da yatsa ta cikin lasifika. "To kun gani! Irin abin da muke faɗa ke nan. Wannan taɓin hankali ne a fili. Ina danginta? A kai ta asibiti Katsina." Ya shige mota, direba ya tayar, suka nufi kaji.

Ba a kai ta asibiti ba. Jafaru ya kai ta gidansa a Darini, kansa a ƙasa don kunya, ya nemo turu, gungumen icen nan da ake fafewa a zura ƙafar mahaukaci a buga ƙarfe. Aka sa ta a ɗakin baya, aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu ta sha. Ranar nan ta cinye akushin tuwo tas, ta yi barci har rana ta take. Da aka gaya wa Turai, sai ta ce ai dama haka mahaukata suke, ci da barci.

Kullum da hantsi mata sukan taru a bakin ƙofa su leƙa. Ita kuwa sai ta yi ta ba su labarin Salmanu: yadda yake tafiya yana jan ƙafar hagu, wushiryarsa, ranar da ya fara tatsa saniya ta watsa masa nono a fuska. Ba ta rikita komai ba. Kumatunta suka fara cikowa. Su kuma suna taɓa juna suna cewa, "Allah sarki, mace mai kunya, dubi yadda ta koma."

Ƙafar ce ta kumbura, ƙarfen ya ci fata. Tana son ta taka ƙasa, tana son ta ga gona. Bayan girbi Jafaru ya shigo da guduma a hannu, ya tsuguna a gabanta, bai iya kallon idonta ba.

"Adda, na san kin ji sauƙi. Mutane sun ishe ni da magana. Ki bar kiran sunan nan, ki yi shiru kamar da, yanzun nan in kwance ki."

Ta daɗe tana kallon gudumar. Ta kalli ƙafar.

"In ka kwance ni, Jafaru, wa zan faɗa wa? Da ina da hankali ba wanda ya tambaye ni. Nan ko banza ana zuwa kallon mahaukaciya, ana saurare."

Jafaru ya ɗauki gudumarsa ya fita. Bara'atu ta gyara zaman ƙafarta a cikin icen, ta juya ta fuskanci ƙofa, don hantsi ya yi, matan sun kusa zuwa.