Saƙon da Waya Ta Kasa Kaiwa

Ranar wata Lahadi ce, lokacin cirar albasa, tun ba a yi dam ɗin Goronyo ba. Ina 'yar shekara tara, ina tsugune bayan rumbu ina jiƙa wa awaki dusa, sai kakata Inna Ige ta fito daga ɗakin mijinta, kakana da muke ce ma Tsoho, ba mayafi. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Kulu, bi masu jakai zuwa kasuwa. Ki ce ma ubanki Tsoho ya cika, ana jiranshi kafin la'asar." Ta sa na maimaita sau uku, sannan ta tura ni waje ko takalmi ban sa ba.

A ƙauyenmu, tsakanin Wurno da Goronyo, irin wannan aike yana da doka. Wanda anka ɗora wa shi ba ya zama, ba ya cin komi, kuma ba ya buɗe baki ga kowa sai mai saƙon. Na bi bayan jakan albasa ta cikin fadama, ƙaya na suka ta, na wuce ƙawayena suna gaɗa gindin tsamiya suna kirana, ban juya ba. Wata gwaggo ta tare ni da ƙwaryar fura tana tambaya, "Mi ya faru gidanku?" Na kauce mata da yunwata. A kasuwa na ratsa rumfar hatsi da turken awaki har na hango Baba yana ɗinke bakin buhu. Na faɗa mai kamar yadda anka faɗa min. Ya bar buhun da basillar a jiki, ya aza ni kan jaki. Da hannunshi ya sa ubanshi cikin kabari.

Ƙanena Sahabi yana goye a ranar. Shi ne ya girma ya zauna Gandi, shi ne kuma ya saya min wayar da nike riƙe da ita. Na karɓa don shi, ba don ina sonta ba. Yau a ce ka kai hoton fuskarka a yi wa layi rajista, gobe a toshe layin a ce lambar ɗan ƙasa ba ta hau ba. Ban taɓa ganin wanda ke yanke waɗannan hukunce-hukuncen ba, shi ma bai san da ni ba.

Sai shekarar da anka yanke sabis ɗin waya a yankinmu duka, wai don a toshe bakin ɓarayin daji. Ɓarayin ba su fasa komi ba. Cikin waɗannan kwanakin zazzaɓi ya kada Sahabi. Ɗiyanshi, maza masu gemu, sun wuni suna hawa tudu suna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Da na titsiye babbansu daga baya sai ya ce, "Gwaggo, wallahi mun yi ta gwada lambarki, hanyar kuma ba lafiya." Na sani hanya ba lafiya. Amma motar kasuwa ta fita daga Gandi ranar da ya cika, da awaki da buhuna a cikinta, ba a samu wanda ya tuna ana ɗora wa mutum saƙo ba. Kwana uku da binne shi na ji, a bakin mai sayar da manja, tsakanin ciniki.

Yanzu sabis ya dawo, ƙarfen sabis ɗin nan na bayan gari yana ta ƙyalli, ba wanda ya zo ya ce mana ku yi haƙuri. A da gari guda bai da waya ko ɗaya, amma ba a binne mutum 'yan'uwanshi suna daka ba su sani ba. Har yau lambar Sahabi na cikin wayata, na hana kowa goge ta.