Foton da Na Ɗauko daga Matameye

Shekara bakwai na yi a makarantar soja ta yara, amma ban zama soja ba. A gwajin likita na ƙarshe aka ce idona na hagu bai kai ba, aka miƙo mini takarduna, na dawo farar hula. Yanzu ina Yamai, ina gyaran kwamfuta a wani buro, wato ofis. Ɗaki guda nake haya, abincina a bakin titi. 'Yan ajinmu kuwa duk sun watse cikin kaki, wani a arewa, wani a gabas, wani a ƙasar waje wurin ƙaro karatu.

Abin da ya rage tsakanina da su shi ne grup ɗin tsofaffin ɗalibai a salula. Kullum a cike yake. An ƙara wa wane girma, sai a sa fotonsa da sabon galo a kafaɗa, a yi ta barka. Wane ya kwanta asibiti, 'yan ajinsa su je su dubo shi, su turo foto a bakin gado. Ni dai karatu nake yi. In na rubuta barka sai ta nutse cikin sauran. Akwai lokacin da na yi wata huɗu ban ce komai ba don in ga ko wani zai cigiya. Ba wanda ya yi.

Ana nan sai ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ta ce za ta buɗe ɗakin tarihi a gidanta na Yamai. Bango ɗaya na manyan da makarantar ta fitar, ɗayan na tsofaffin kaya, su hula, ƙaho, kwanon cin abinci. Shugaban ƙungiyar, wani kolonel mai ritaya, ya rubuta cewa an rasa foton wani tsohon aji da janar biyu suka fito daga cikinsa. Guda ɗaya tak ya rage, yana hannun wani ɗan ajin, tsohon soja mai muƙamin ajidan, a Matameye. Ya ce, "Wa muke da shi ɗan can?"

Ni ne ɗan can. A can aka haife ni, ko da yake tun rasuwar innarmu ban cika zuwa ba. Da sauri na rubuta lambata ta makaranta, na ce a shirye nake. Ba a yi minti biyar ba Kolonel ya kira ni da kansa.

"Kai ne lambarka ta ƙare da sha bakwai?"

Na ce ni ne.

"To ai kakanka ne. Aiki ya zo da sauƙi."

A makarantarmu duk yaron da ya shigo ana ba shi lamba, kuma duk waɗanda ƙarshen lambarsu ya zo ɗaya, 'yan gida ɗaya ne. Na gaba da kai babanka ne, shi zai koya maka gyaran gado da goge takalmi, shi kuma zai hore ka. Na gaba da shi kakanka, haka har sama. Ƙaramin gida ba ya zama sai an ce ya zauna, ba ya musu da babba, ba ya ba shi shawara. Ko an bar makaranta da shekara hamsin haka abin yake.

Sakataren ƙungiya ya ba ni wasiƙa in kai. Da na duba sai na ga an buga ta irin yadda ake buga umarni a bariki, lamba a sama, hatimi a ƙasa, har da layin nan da ke cewa a aiwatar. Ba da wata manufa suka yi ba. Mutanen nan ba su iya rubuta wasiƙa wata iri ba.

Na hau bas zuwa Damagaram, na kwana, da safe na shiga taksin Matameye. Lokacin kaka ne, amalanke na ta shigowa gari da damman gero. Mai kabu-kabu bai ma bari na gama kwatance ba, ya ce ai gidan Baba Ajidan mai allura, can kan hanyar Kurni. Ashe malamin jinya ne a soja, bayan ritaya ma ya daɗe yana ɗaure wa 'yan unguwa rauni kafin hannunsa ya fara rawa.

Na same shi a zaure kan kujerar ƙarfe, da rediyo a cinya. Na yi sallama, na ƙame, na faɗi lambata kamar yadda aka koya mana. Wata dattijuwa da ke tsintar wake a bakin ƙofar ciki ta ɗago kai.

"Wannan kuma fa? Daga sallama sai lissafi?"

Ƙanwarsa ce, Hajiya. Mijinta ya rasu, ta dawo suna zaune su biyu, 'ya'yansa na Kano da Agadas.

Shi bai yi dariya ba. Ya kashe rediyon, ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, ya tsaya sosai, sannan ya ce, "Repo." Wato in saki jiki.

"Ɗan sha bakwai. Ina kakinka?"

"Ido ne ya hana, Baba."

"Wanne?"

"Na hagu."

"Ai da na dama ake saiti. Likitocin yanzu dai. Zauna, farar hula."

Na zauna. Ya ce rabonsa da ganin ɗan gidanmu tun kafin a rufe zauren nan da kwano. Ya tambaye ni ko har yanzu ana gudun asuba, ko har yanzu wake ne ranar Talata. Hajiya ta kawo fura. Rabon da wani ya yi mini tambaya ya tsaya jin amsa haka, na manta.

Ban faɗi abin da ya kawo ni ba tukuna, shi da kansa ya ja ni ɗakinsa. Foton na rataye a ƙusa saman gadonsa, cikin leda mai kauri, da kwali a bayansa. Yara talatin da wani abu, sahu uku, kai a aske, gajeren wando, kunnuwa a waje. Ya ciro shi ya riƙa nuna mini da yatsa. Da lamba yake kiran su.

"Wannan na tsakiya shi ya zama janar. Har aji biyu ni nake shanya masa katifa, kar ka tambaye ni dalili. Wannan ma janar, shi dai tun yana ƙarami ba ya dariya. Ga ni nan can ƙarshe, an kusa yanke mini kafaɗa."

Sai na ciro ambulan.

Ya sa tabarau, ya ga hatimin, ya miƙe tsaye. A tsaye ya karanta, sau biyu. Ya ce, "Aro ne ko bayarwa?"

Na ce, "Ɗakin tarihi ne, Baba. Can zai zauna."

Hajiya na bakin ƙofa tana ji. Ta ce, "Ba ga waya nan a hannunka ba? Ɗauka da ita mana, ka bar masa abinsa. Mutumin nan fa da foton nan yake hira."

Ya ce, "Takarda ta ce na asali. Ba a gyara umarni."

"Umarnin wa? Kai da ka bar aiki tun ina da haƙora duka?"

"Hajiya, je ki duba wakenki."

Na san ba umarni ba ne. Roƙo ne aka sa wa hatimi. Kalma biyu ta ishe ni in gaya masa yana iya cewa a'a. Ban gaya masa ba, na ce wa kaina ƙaramin gida ba ya ba babba shawara. Amma dalilina na gaskiya daban ne. So nake in shiga gidan ƙungiya da abin nan a hannuna, kowa ya gani.

Ya yago takarda daga wani tsohon littafi, ya sa na rubuta na karɓa, na sa hannu da lambata. Ya miƙo mini foton da hannu biyu, yadda yake cikin ledarsa. Hajiya ta karɓi lambar wayata ba tare da ta kalle ni ba.

A Yamai na samu abin da nake so. Kolonel ya rubuta a grup cewa ɗan sha bakwai ya cika aiki, aka yi ta jinjina har washegari. Wasu 'yan ajinmu suka kira ni, ɗaya ma ya ce ya ɗauka ina ƙasar waje. Ranar buɗe ɗakin na je da sabuwar shadda, na tsaya a baya don gaba na masu galo ne. An sa foton cikin gilashi, an kafe shi a bango, an rubuta sunayen janar ɗin biyu a ƙasa da kibiya mai nuna kowanne. Na matsa na ɗauke shi da waya. Kwana biyu bayan haka aka ƙara wa wasu girma, grup ya koma kansu.

Wajen wata guda sai ga kiran Hajiya, ina tsakiyar kwance wata kwamfuta.

"Ɗan Yamai, ka kyauta. Yayana dai ba ya cin abin kirki. Ya tashi ya je gaban ƙusar nan, ya tsaya, ya dawo. Ni ban ce ka yi komai ba, gaya maka kawai nake."

Ta kashe.

Na je wurin mai wankin foto, ya gyara wanda na ɗauka, ya cire ƙyallin gilashin, ya buga shi babba a takarda mai kauri. Wallahi ya fi na asalin fitowa. Na nemi hutun kwana huɗu na kama hanya, ina jin na gyara ɓarnata.

Ya rame. Wannan karon bai miƙe ba, daga zaune ya ce repo. Na miƙa masa. Ya kai shi kusa da ido, ya yi murmushi.

"Ya fi na da haske. Har kunnen wannan ya fito."

Sai ya juya bayansa. Fari fat. Ya shafa da tafin hannu, ya sake juyawa, ya sake dubawa.

"Ina rubutun?"

"Wane rubutu, Baba?"

Ni ban taɓa zare kwalin nan ba. Ashe ranar da za su bar makaranta kowa ya rubuta lambarsa da garinsu a bayan foton da hannunsa, daidai inda fuskarsa take. Tun daga nan, duk wanda ya ji sanarwar rasuwarsa a rediyo ko a bakin wani, sai ya sa masa ɗigo da fensir. Kowace Juma'a in ya dawo masallaci ya zare kwalin, ya bi masu ɗigo ɗaya-ɗaya yana musu addu'a.

"Kaina ba ya riƙewa yanzu. Shi ya sa nake dubawa. Juma'a huɗu ke nan ina yi musu a dunƙule."

Na fita ƙofar gida na kira Kolonel. Ya saurare ni har ƙarshe, na kuma ji abin ya dame shi. Ya ce bari ya tambayi wanda ya yi aikin gilashin. Da ya sake kira sai ya ce an shafa wa bayan gam an manna shi a katako don kar ya lanƙwashe, in aka ce a ɓamɓare to foton zai yage.

"Shi ma me ya sa bai faɗa ba?"

Na dawo na gaya wa Baba Ajidan, har da tambayar Kolonel. Ya ce, "Ba a tambaye ni ba."

Na ce masa laifina ne, wasiƙar nan roƙo ce, na sani tun ranar. Ya dube ni ta saman tabarau. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi.

"Hajiya, akwai fensir a cikin gwangwanin allura. Miƙo wa farar hula."

Muka zauna a tabarma. Ya nuna fuska, ya faɗi lamba da gari, ni in juya in rubuta a daidai wurin. In ya ce ɗigo, in sa ɗigo. Sahun gaba bai ba mu wahala ba. A na biyu ya fara tsayawa. Wani ya tuna garinsu, lambar ta ɓace. Wani ya ba shi lamba, can kuma ya ce a goge, ta na kusa da shi ce. Hajiya na gefe tana taya shi da abin da ta sha ji.

"Ba shi ne ka ce ɗan Icirnawa ba, mai satar sukari?"

"Wancan dogo ne. Ke ba ki yi makarantar ba, ki bar mu."

Muka yi yini biyu a haka. Rana ta uku da hantsi muka kai sahun baya, muka tsaya a kan wani siririn yaro da ke kusa da shi, kafaɗarsu a haɗe. Ya ce gadonsu ɗaya sama da ƙasa shekara bakwai. Ya tuna lambar, ya tuna garin, ya tuna har yadda yake tari. Amma ko akwai ɗigo a kansa ko babu, ya kasa.

"A sa ko a bari, Baba?"

Ya daɗe yana kallon fuskar.

"Bari tukuna. Kar in kashe mutum yana zaune cikin jikokinsa."

Lokacin mota ya yi, gobe da safe ina da aiki. Hajiya ta ɗaura mini ƙullin gyaɗa, ta ce in na ga dama in riƙa kira, waya ba ta cizo. Na miƙe na ƙame, na nemi izinin tafiya. Ya ɗaga hannu ya sallame ni, bai ɗago kai ba, ya ce in bar masa fensir ɗin.