Da Muka Koma Kiran Sajo Malam

Talatu, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini magana. Labarin Sajo zan ba ki, dillalin shanu na kara, wato kasuwar dabbobi ta Maigatari.

Bafillace ne, a rugar bayan Ɗanzomo aka haife shi. Yana saurayi fari ya cinye shanun ubansa, ya shigo kara daga shi sai sandarsa. Ni kuma mahauci, duk Alhamis daga Gumel nake zuwa sayen sa. Dogo ne siriri, in yana dariya kamar akuya ta shaƙe. Ranar da muka fara haɗuwa ya dubi wuƙata ya ce, "Kaɗo, kai ne ka gama da dangina?" Na ce, "Agwai, ai danginka sun fi ka daɗi a miya." Su Fulani Kaɗo suke ce wa Bahaushe, mu kuma Agwai muke ce musu.

Sunan ya bi shi. Masu shayi, 'yan kamasho, har mutanen Damagaram masu kawo raƙuma, kowa Agwai. In an ba shi fura sai ya ce Haɓe, wato mu Hausawa, ba su iya damu ba, ya shanye, ya miƙo ƙwarya a ƙara. Da kakarki ta rasu, shi ya karɓi magirbi a maƙabarta, bai ba kowa ba har aka gama haƙa.

Yana da ɗa, Yazid, wanda ya yi karatu a Kano. Ya dawo lokacin da rediyo kullum sai an ambaci Fulani da satar mutane. Wata Alhamis uban ya shiga cikin shanu, yaron ya zo rumfarmu ya durƙusa ya ce, "Baba Ilu, don Allah ku daina kiran babana da sunan nan. A bakinku wasa ne, amma yara na ɗauka, a bakinsu kuwa zagi ne." Muka ga gaskiyarsa, muka yarda. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Sajo.

Kasuwa ta zagayo, ya shigo, na ce, "Malam Sajo, barka da zuwa." Sai ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani nake. Mai shayi ya ce masa Alhaji, mutumin da ko Kano bai cika zuwa ba. Ya ce mini Kaɗo, na ce, "Na'am, Malam." Ranar bai yi dariya ba. Daga nan ya fara fashin kasuwa, sai muka ji wai zai kwashe iyalinsa ya koma wurin danginsa a Nijar.

Na hau mashin har Ɗanzomo. Na tarar yana ɗaure tabarmi.

"Malam Sajo, ina zuwa haka?"

"Ka ji ko. Har gida ka biyo ni da shi." Ya ajiye igiyar. "Ilu, wa ya ce muku ina da hannu da ɓarayin daji? Faɗa mini shi."

Na ce wallahi ba wanda ya faɗa.

"To tun gashinmu na baƙi kuke zagina, rana ɗaya kowa ya koma girmama ni. Ba a yi wa mutum haka sai in ana tsoronsa."

Sai na gaya masa yadda aka yi. Ya sa aka kira Yazid. Yaron bai janye ba. Ya ce a motar Kano wani ya ce masa, "Agwai, ina ka ɓoye bindigar?" kowa na dariya har Gagarawa. Sajo bai taɓa jin wannan ba.

Ya ce, "Wannan ya zage ka, da ina wurin da ya ci sanda. Amma shi Ilu daban."

Yazid ya ce, "To Baffa, yaya yaro zai gane bambancin?"

"Wanda na taɓa ce wa Kaɗo, ya rama. Wanda ban tsokana ba, sunana Sajo." Ya juyo kaina. "Kai kuma tsohon banza, kwance igiyar nan, tunda da bakinka aka ɗaure ta."

Na kwance. Daminar nan a Ɗanzomo ya noma geronsa, kuma ya koma kara. Yaran yanzu Baba Sajo suke ce masa, mu 'yan tsirarun da muka rage muna nan da namu. Yazid dai bai gamsu ba. In ya ji na kira uban Agwai sai ya kau da kai, amma yana gaishe ni har ƙasa, kuma shi ke ɗauko shi a mashin ya kawo mini tunda gwiwata ta hana ni zuwa kasuwa.