Garin da Kawu Ɗanjumma Ya Nema

Shekarar da ruwan Kainji ya cinye tsibirinmu, aka kwashe mu zuwa gidajen siminti a gefen Wara. Da magariba Kaka kan tara mu gaban wutar bandar kifi. Akwai labari guda da in za ta ba da shi, sai ta riƙa tsokanar wutar kamar ta yi mata laifi.

"Ku matso, ga ta nan tahe," in ji ta.

Wani masunci ne ya kai busasshen kifi Gaya, ƙasar Nijar, ya yi wata bakwai. Mutanenmu ba su tuƙi da taswira. Tsamiya suke dubawa, da dutse, da bakin tsibiri. Da ya komo, ba tsamiya, ba dutse, sai ruwa. Kwana uku yana kewaya wuri guda da kwalekwale, yana kiran sunayen 'yan gidansu. Bai yarda ya nufi gaɓa ya yi tambaya ba, don ɗan tsibiri ba ya tambayar mutanen tudu hanyar gidansa. Ya ɗauka duk mun halaka, ya juya.

A kan iyaka jandarma ya tambaye shi garinsu. Ya faɗa. Aka duba sabuwar takarda, babu sunan, aka tsare shi a kan maƙaryaci ne. Wata Bazabarma mai sayar da fura ta ce masa, "Ɗan'uwa, ka ce musu nul par, wato ba ko'ina. Sai su sake ka."

"Ya faɗa, suka sake shi," in ji Kaka. "Gaskiya ta sa an ɗaure shi, ku ji mini!"

Na ce, "Kaka, ya dawo?"

"Kai, rufe mini baki."

Inna ce ta gaya mini daga baya cewa masuncin ƙanenta ne, ɗan Kaka, Kawu Ɗanjumma. Wani mai kwalekwale ne ya kawo labarin. An aika wa Kawu saƙo sau biyu, ba a same shi ba.

Da na kama aikin rediyo aka tura mu koyon Faransanci. Malamin ya rubuta nulle part a allo, nul par ɗin nan ta labarin Kaka, ya ce mu maimaita. Ban maimaita ba. A wannan makon aka ba ni rahoton da ke cewa mutanen da ruwan Kainji ya tasa, an sake tsugunar da kowa lami lafiya. Na karanta shi daidai, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wannan ne har yau ban yafe wa kaina ba.